GARI GUDA A KAN RUWA: ABIN DA MATAFIYI ZAI TARAR A BABBAN JIRGIN YAWON SHAƘATAWA MAI ARAHA

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

  

Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya nemi in yi bayani a kan tafiyar da ni da uwargidana muka yi a shekarar 2024, lokacin da ɗanmu da ke aiki a Turai ya kai mu yawon kwana 7 a cikin babban jirgin ruwa a tekun Bahar Rum. Tun da na dawo ake tare ni da tambayoyi, musamman abokaina da suka ajiye aiki, waɗanda suka ga tallan irin wannan tafiya a intanet da farashi mai jan hankali. Abin da nake so kowa ya riƙe daga jawabina shi ne, kuɗin tikitin da ake tallatawa kuɗin shiga ƙofa ne kawai. Wanda ya san haka tun daga gida zai ji daɗin tafiyarsa, ya dawo da mutuncinsa da addininsa da aljihunsa lafiya.

Hawa jirgin ruwa ba baƙon abu ba ne a tarihinmu. Kakanninmu da suka tafi Hajji ta ƙasa sukan ratsa Chadi da Sudan, su isa Sawakin, su haye Bahar Maliya zuwa Jidda a jirgin ruwa. Su jirgi ya kai su inda suka nufa ne. Wannan da nake magana a kansa kuwa shi kansa ne wurin zuwan: otal ne mai tafiya, wanda kan yi tafiya da dare, ya tsaya a wata tasha da safe, daga ƙarshe ya mayar da kai inda ya ɗauke ka. Mu daga Basalona ta ƙasar Sifen muka tashi, muka tsaya a Marsai ta Faransa, da Jenowa, da tashar da ke kusa da birnin Rum, da Falarmo a tsibirin Sisili, da tsibirin Malta, sannan muka komo.

Girman waɗannan jirage sai wanda ya gani. Titanic da ya nutse a 1912, wanda muke jin labarinsa tun muna makaranta, tsawonsa mita 269 ne, yana ɗauke da mutum kusan 2,200. Icon of the Seas da ya fara aiki a Janairun 2024 tsawonsa ya kai mita 365, yana da hawa 20, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600 ban da ma'aikata fiye da 2,000. Namu bai kai shi ba, amma duk da haka sai da na yi kwana biyu ina ɓata hanyar ɗakina. Ruwan sha da na wanka ma yawanci daga teku ake ɗiba, injina su cire gishirinsa a cikin jirgin.

Yanzu sai mu zo kan araha. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin yakan sauke farashin tikiti ne domin ya cika ɗakunansa, saboda ya san ribarsa tana cikin abin da fasinja zai kashe bayan ya shigo. Tikitin ya ƙunshi ɗakin kwana, da abinci a babban ɗakin cin abinci da kuma wurin ɗebi-da-kanka, da kallon wasanni da dare. Mafi arahar ɗaki shi ne na ciki, wanda ba shi da taga ko ɗaya. Idan ka kashe fitila ba ka sanin dare ko rana, don haka mai son sallar asuba a kan lokaci sai ya dogara da agogo. Ɗakin ƙarami ne, amma yana da tsabta, da makewayinsa a ciki.

Abin da tikiti bai ƙunsa ba shi ne ke cin kuɗi: lemo, ruwan gora, intanet, wanki, hotunan da masu hoton jirgi ke ɗauka, ganin likita, da motar da za ta zaga da kai gari idan an tsaya. A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Ana ba kowa kati ɗaya, shi ne mabuɗin ɗakinsa, shi ne shaidarsa ta fita da shiga, shi ne kuma littafin bashinsa. Mutum ya miƙa kati kawai, ba ya jin zafin fitar kuɗi sai ranar ƙarshe. Ga wani ɗan lissafi irin na aji huɗu: a namu jirgin ana rubuta wa kowane babba yuro 12 a kowane dare a matsayin kuɗin hidimar ma'aikata. Mu uku ne, dare 7, ya tashi yuro 252 ke nan tun ba mu sha ko lemo ɗaya ba. Ni kaina na sha gorar ruwan da na tarar a ɗaki, ina tsammanin ta maraba da baƙo ce, sai da na gan ta a takardar bashi. Shawarata ita ce, a tambayi farashin kowane abu kafin a taɓa, a duba lissafi kullum da dare, a kuma kashe data ta wayar hannu idan an shiga teku, domin layin da waya ke kamawa a can ta tauraron ɗan'adam yake bi, kuma tsadarsa ba ta misaltuwa.

Kafin a kai ga jirgin ma akwai kuɗin jirgin sama zuwa tashar da za a tashi, da inshorar lafiya, da biza. Mai fasfon Nijeriya da zai yi irin wannan zagaye yana buƙatar bizar Shengen, kuma idan zagayen ya haɗa da wata ƙasa da ba ta cikin wannan tsari, sai a nemi biza mai ba da damar shiga fiye da sau ɗaya. Wanda takardunsa ba su cika ba a bakin ƙofa za a mayar da shi. Idan aka haɗa waɗannan duka, sai a ga gaskiyar masu cewa araha ba ta ado.

Abu na gaba shi ne addini, wanda ya fi kuɗi muhimmanci. Yawancin waɗannan jirage an tsara su ne bisa al'adar Turawa. Akwai mashaya a kusan kowane hawa, akwai gidan caca da ake buɗewa da zarar jirgi ya bar tasha, a bakin wurin iyo kuma akwai shigar da ido ba ya so. Ba wanda zai tilasta maka ko ɗaya daga ciki, kuma jirgin yana da faɗin da za ka kauce musu. A wurin abinci akwai naman alade, wani girkin ma ana sa masa giya, saboda haka mu kifi da ƙwai da shinkafa da ganyaye da 'ya'yan itatuwa muka riƙe, muna tambaya kafin mu ɗiba. Alƙibla tana sauyawa yayin da jirgi ya juya, don haka a riƙe kamfas, a kuma zauna da malami tun a gida a koyi hukuncin ƙasaru da na salla a jirgin ruwa. A tafi da darduma da ƙaramar butar roba. Dutsen guga da abin dafa ruwa kuwa ba a yarda a shiga da su ba, saboda gudun gobara. Wanda yake son ya huta da wannan taka-tsantsan, a Disambar 2024 wani kamfanin Saudiyya mai suna AROYA ya fara irin wannan yawo daga Jidda, da jirgin da aka tsara ba giya ba caca.

Game da tsaro, kafin jirgi ya tashi dole kowane fasinja ya san wurin taruwarsa da yadda ake sa rigar ceto. Kada wanda ya ɗauki wannan wasa. A ranar 13 ga Janairu, 2012, jirgin Costa Concordia ya bugi dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya, mutum 32 suka rasu, kuma akwai ɗaruruwan fasinjoji da ba a riga an koya musu wannan darasi ba. Bayan wannan hatsari ne aka tsaurara doka. Alamar haɗari ita ce busa gajera sau 7, sannan doguwa sau ɗaya. Ta fuskar lafiya, taron dubban mutane a wuri ɗaya yana saurin yaɗa cuta, kamar gudawa da amai. A Fabrairun 2020 an killace jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan, inda fiye da mutum 700 suka kamu da korona. Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci shi ne babban rigakafi. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya tafi da maganin da zai ishe shi har da rara, mai jin jiri kuma ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, inda girgiza ta fi sauƙi.

Akwai wani darasi da na ga ya dace da mu. Jirgi ba ya jiran kowa. Idan an ce kowa ya dawo da ƙarfe biyar da rabi, to haka ake nufi. A wata tasha na ga mutum biyu suna gudu da jakunkunan tsaraba bayan an janye matakala, suna ɗaga hannu, jirgi kuwa ya riga ya juya. Dole su nemi hanyar da za su cim masa a tasha ta gaba da kuɗinsu. Mutum dubu biyar suna kiyaye lokaci ba tare da bulala ba, mu kuwa taron mutum hamsin da aka kira ƙarfe goma ba ya farawa sai an yi kiran azahar. Shugaba ya gafarce ni.

Ba zan rufe ba sai na yi wa matasanmu magana, domin wasunsu sun tambaye ni hanyar samun aiki a jirgi. Yawancin ma'aikatan da na gani daga Filifin da Indonusiya da Indiya suke. Wani yaro Musulmi ɗan Indonusiya da ke gyara ɗakinmu shi ne ya riƙa nuna mini abincin da zan guje wa, Allah ya saka masa. Sukan yi wata shida zuwa tara a kan ruwa, suna aiki kullum ba ranar hutu, nesa da iyali. Aiki ne na halal ga wanda ya zaɓi sashen da ya dace, amma yana buƙatar takardar horon aikin teku da ta lafiyar jiki. Ku sani cewa yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan teku ta 2006 ta hana dillalan aiki karɓar kuɗi daga hannun mai nema domin a sama masa gurbi. Duk wanda ya ce ku sayar da gona ku biya shi ya ba ku aiki a jirgi, ku guje shi.

A ƙarshe, ko tafiyar ta cancanci kuɗinta? Ga wanda ya sauke farali, ya biya kuɗin makarantar yara, ba bashi a kansa, zan ce e. Na tsaya a bayan jirgi bayan sallar asuba, ba tudu ba itace, ruwa ta ko'ina, na ga rana tana fitowa daga cikin teku, na ƙara sanin ƙanƙantar ɗan'adam da girman Mahaliccinsa. Amma kada kowa ya taɓa kuɗin sallamarsa ko ya ci bashi saboda talla.

Allah ya ja zamanin Hakimi, ya haɗa kan 'ya'yan wannan gari, ya albarkaci ƙungiyarmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.