Tudu da Kwari: Bambancin Tsayin Ƙasa a Jihohin Najeriya da Tasirinsa ga Noma da Ambaliya



Gabatarwa

Ana auna tsayin ƙasa ne daga matakin ruwan teku. Wannan takarda za ta kwatanta tsayin wasu yankunan Najeriya, ta nuna cewa iyakar jiha ba ta isa ta zama ma'aunin tsara noma ko shirin ambaliya ba.

Yadda ƙasar ta shimfiɗu

Legas na gab da matakin teku. Lakwaja, inda Kogin Kwara da Binuwai suka haɗu, ba ta kai mita 100 ba. Daga nan ƙasa na hawa: Zariya ta haura mita 600, Kano na kusa da mita 480, sai ta sake gangarawa yamma zuwa Sakkwato, mai kimanin mita 300, da gabas zuwa Tafkin Chadi, mai kimanin mita 280. Garin Jos yana kan mita 1,200, Duwatsun Shere kuwa sun haura 1,800. Ƙololuwar ƙasar ita ce Chappal Waddi a Taraba, mai mita 2,419.

Taraba ce ta fi fito da batun fili. Jiha ɗaya ta haɗa kwarin Binuwai mai zafi da Tsaunin Mambila mai kimanin mita 1,600. Wanda ya ɗauki matsakaicin tsayin jihar bai siffanta Ibi da ke kwarin ba, bai siffanta Gembu da ke kan tsaunin ba.

Tasiri ga noma

Duk hawan mita 1,000 yakan rage zafi da kusan digiri 6 da rabi. Shi ya sa dankalin Turawa ya zauna a Filato, ganyen shayi ya karɓi Mambila, alhali shinkafa ta fi son fadamun Kebbi da na Binuwai. Irin da aka raba wa manoman jiha baki ɗaya, ba a duba tudu da kwari ba, wani zai ci riba, wani ya tafka asara.

Tasiri ga ambaliya

Ruwa ba ya tsayawa a iyakar jiha. Kogin Kaduna da Gongola daga tudun Jos suka taso, amma mutanen gangare ne ke karɓar abin da suka kwaso. A ambaliyar 2012 da ta 2022, garuruwan kwari irin su Lakwaja ne suka ɗanɗana kuɗarsu, ruwan da ya cinye su kuwa daga nesa ya zo, har da wanda aka sako daga madatsar Lagdo ta Kamaru.

Shawarwari

Na farko, kowace ƙaramar hukuma ta mallaki taswirar tsayin ƙasarta kafin yanka filaye. Na biyu, a raba iri bisa yanayin wuri. Na uku, jihohin da kogi ɗaya ya ratsa su yi shirin damina tare, na tudu su riƙa sanar da na kwari da wuri, domin rayuka da gonakin talakawa ne a kan hanyar ruwan.