Amsar Wasiƙunku: Oba-oba Ta Ƙi Saituwa

Wani ɗan sintiri daga Kusada ya rubuto cewa ƙungiyarsu ta sayi kwancen oba-oba ƙirar Baofeng UV-5R don aikin dare, an kai Kankiya a saita, amma kwamfuta ta ƙi ganinsu.

To Malam, kada ku yi saurin zubar da su, galibi laifin waya ne. Da farko a cika batir, a kashe oba-obar, a danna kan wayar mai baki biyu har ya shige sarai, sannan a kunna, a ƙure murya. In shiru, a duba lambar COM da aka zaɓa a manhajar CHIRP. Wayoyi masu jabun Prolific kuwa, Windows kan ƙi su. A nemi mai FTDI.

In ta kama, a fara kwafe tsohon saitin a adana kafin a rubuta sabo. Kuma ku sani, hukuma ke ba da izinin mita, kada ku faɗa layin jami'an tsaro.

Allah ya tsare mana ku. Mu kwana nan.