Mai Busa Ma Yana Da Matakala: Jawabi A Taron Shekara Na Tsofaffin Ɗalibai



Kwamitin shirya taro ya ce in yi magana a kan wata sana'a da ƙannenmu ba su san da ita ba. Na san wasu sun zaci aikin ofis zan ɗauko, tunda shi nake yi. To, busa na zaɓa, busar ƙahon Turawa, wato yayan begilar nan da muka sani a filin maci. Abin da nake so mu tafi da shi gida shi ne, busa aiki ne mai hawa-hawa kamar aikin gwamnati, kuma matakinsa na farko a makaranta yake.

Ita busa ba baƙuwarmu ba ce. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ake busa kakaki a fada. Duk wanda ya taɓa ganin hawan salla a Katsina ya san da jin kakaki babu mai tambayar wa ke tafe. A ƙofar hakimai kuwa masu algaita ne ke cika wuri.

Kakaki da ƙahon Turawa hanyarsu ɗaya: leɓɓan mai busa ne ke karkarwa a bakin bututun ƙarfe, sauti ya fita. Bambancin shi ne kakaki miƙaƙƙe ne, muryoyinsa ba su da yawa. Shi kuwa ƙahon Turawa an naɗe bututunsa, wanda ya kusa mita ɗaya da rabi, kuma wajen 1815 aka ƙirƙiro masa maɓallai a Jamus. Yau guda 3 ake sa masa. Kowanne aka danna sai iska ta bi ƙarin hanya, murya ta sauka. Da wannan ne yake iya bin kowane irin kari.

A kiɗan gargajiyar Turai, wanda ake rubutawa a takarda, gwanin mai busa yana da matakai uku. Akwai tsayawa gaban jama'a shi kaɗai, babbar ƙungiyar makaɗa na mara masa baya. Akwai busa cikin ƙaramar ƙungiya ta mutum huɗu ko biyar, inda babu shugaba, kowa sai ya kasa kunne ga ɗan'uwansa. Sannan akwai jagoranci, inda zai ajiye ƙahon ya ɗauki 'yar sanda, makaɗa kusan ɗari su riƙa bin hannunsa.

Bari in ba ku misalai. Maurice André, Bafaranshe ne da aka haifa a 1933 a garin Alès, cikin iyalin masu haƙar kwal. Yana da shekara 14 shi ma ya shiga rami. Mahaifinsa mai sha'awar busa ne, shi ya fara ɗora shi a hanya. Da yake ba su da kuɗi, ta badujalar soja ya samu kafar shiga babbar makarantar kiɗa ta Paris. Ya ci gasar duniya a Janeba a 1955, ya kuma ci ta Munich a 1963, daga baya ya zama malami a makarantar da ta koyar da shi. Kafin rasuwarsa a 2012 ya yi faifai fiye da 300.

Na biyu, Gerard Schwarz na Amurka, an haife shi a 1947, shi ya taka matakan nan uku duka. Ya yi busa cikin ƙungiyar mutum biyar mai suna American Brass Quintet, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ƙaho na ƙungiyar New York Philharmonic, sannan a 1977 ya bar kujerar ya koma jagoranci. Ya shugabanci ƙungiyar makaɗan birnin Seattle daga 1985 zuwa 2011, shekara 26 ke nan. Ku lura, sai da ya iya aikin da bakinsa, ya iya zama da abokan aiki, kafin aka ba shi sanda. Ko a ofis, darektan da bai taɓa riƙe fayil ba da wuya ya ji daɗin kujera.

Kada wani ya ce wannan sai Bature. Marigayi Bala Miller, ɗan asalin Zariya, wanda ya rayu daga 1928 zuwa 2003, ya yi karatun sakandare a Ikko. Ya zo ya kafa babbar ƙungiyarsa ta makaɗa, ya yi shiri na kansa a talabijin na NTA, kuma iyayenmu har yau suna tuna waƙarsa ta Ikon Allah.

Na san abin da ke zukatan wasu: yaya za a kai yaro boko ya dawo maroƙi? Tambaya ce da ya kamata a amsa. Soja da 'yan sanda suna da badujala, masu busar ma'aikata ne, da albashi da ƙarin girma da fansho. A Ikko akwai makarantar kiɗa ta MUSON, ƙungiyar da aka kafa a 1983, a Jami'ar Nsukka kuma ana yin digiri a kan kiɗa. Alhaji Mamman Shata ma, na nan Musawa da Funtua, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ba kowane yaro ne zai ci abinci da ƙaho ba, amma wanda ya saba da atisayen kullum, da jiran lokacinsa, da sauraron na kusa da shi, ya samu tarbiyyar da za ta bi shi ko'ina.

A zamaninmu, idan 27 ga Mayu ko 1 ga Oktoba ta gabato, gari kan san makaranta na nan saboda ganga da begila. Ƙannenmu ba su samu wannan sararin ba. Tun daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, iyaye da yawa a yankin nan suka riƙa kallon makaranta da fargaba, ko da yake Allah Ya dawo da yaran cikin mako guda. Tsaro aikin hukuma ne. Sa yaro ya yi marmarin zuwa makaranta kuwa, a nan muna da abin yi.

Don haka ina roƙon ƙungiya abu uku. Mu sayi begila 6 da gangunan maci daga asusunmu. Mu nemi tsohon soja ko ɗan sanda da ya yi aikin badujala, mu riƙa ba shi alawus ya koyar da yara sau biyu a mako. Sannan sau ɗaya a zango a gayyato masu algaita su nuna wa yara yadda ake riƙe numfashi, don ilmin nan kada ya bi tsofaffi kabari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni na ɗauki nauyin begila ɗaya, ma'aji ya rubuta.