GAMMO DA MASHI: YADDA NA BI SAWUN WANI SOJAN IGWA DAGA KAMBA ZUWA BAMA

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a garin Kamba

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Ranar da sakataren ƙungiya ya aiko mini cewa ni zan yi jawabin bana, sai da na yi dariya, domin malaminmu na tarihi, ga shi nan zaune, Allah ya ƙara masa lafiya, shaida ne cewa ban taɓa wuce maki hamsin a darasinsa ba. To Malam, ga shi yau tarihin da nake gudu shi ne ya tsayar da ni gabanka. In na yi kuskure a gyara mini, amma don Allah ban da bulala.

Abin da ya sa na fara

Waɗanda muka tashi unguwa ɗaya za su tuna da kakana, wanda ya rasu a 1988 muna aji huɗu. Tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama. Sai dai abokan wasansa ba su taɓa barinsa ya ji daɗin wannan suna ba. Kullum sai su ce, ai wane dako ya je yi, har aka gama yaƙi bai harbi ko zabo ba. Mu ma jikoki muka ɗauka, muna tsokanarsa da sojan gammo. Ba ya musu. Iyakarsa in aiki ya yi tsanani a gona, ya share zufa ya ce, "Wannan ai bai kai Tamandu ba." Mu a zatonmu Tamandu sunan wani aljani ne.

A 2016, bayan rasuwar kakarmu, aka buɗe adakarta. A ƙasan kaya muka tarar da ɗan littafin sallamarsa daga soja, gara ta ci kusan rabinsa, da lambobin yabo guda uku, da wani ɗan ƙyalle rawaya mai zanen zobe baƙi da mashi biyu sun gitta ta cikinsa. Babu wanda ya san ma'anarsa a gidanmu kaf. Kunyar da na ji a ranar ita ce mafarin wannan bincike.

Abin da takarda ta faɗa

Darasin farko shi ne, mai bincike ya fara da abin da ke hannunsa. Lambobin yabon ba su taimaka sosai ba, domin Ingila ba ta rubuta sunan soja a jikin lambobin Yaƙin Duniya na Biyu. Amma ɗaya daga cikinsu Tauraron Bama ne, wanda ya tabbatar da cewa ya shiga fagen. Littafin sallamar ne ya yi magana: lambar soja mai farawa da haruffan NA, shekarar ɗauka 1943, shekarar sallama 1946, sai kuma lamba 102 a gurbin rukuninsa, tare da haruffan da ke nuna sojan igwa na Afirka ta Yamma.

Darasi na biyu shi ne, kada a dogara da suna. Turawa kan rubuta soja da sunansa da na garinsa ko ƙabilarsa, shi ya sa za ka ga masu amsa Sakkwato ko Zabarma ba iyaka. Mu kuma mutanen bakin iyaka matsalarmu ta fi ta kowa. Tsakanin Kamba da Gaya, ko tsakanin Illo da Lolo da ƙasar Dahomey wadda yau ake kira Binin, dangi ɗaya ne. Akwai waɗanda suka tsere wa aikin tilas na Faransa suka tsallako suka shiga sojan Ingila da sunan wani gari daban, akwai kuma waɗanda Faransa ta ɗauka a nata sojan. Ku tuna daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 Nijar da Dahomey suna hannun gwamnatin Faransa da ke biyayya ga Jamus, don haka wannan iyaka tamu ta zama iyakar abokan gaba. Saboda haka lambar soja ita ce mabuɗi, ba suna ba.

Wace runduna ce wannan?

Da na bi lamba 102, sai ta kai ni ga Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma. A 1943 Ingila ta kafa manyan rundunoni biyu daga Nijeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya, domin yaƙi da Japan a ƙasar Bama. Runduna ta 81 tambarinta gizo-gizo ne baƙi, wato Gizo na tatsuniya kamar yadda Asantawa suka san shi. Runduna ta 82 kuwa, jama'a, tambarinta mashi biyu ne da suka gitta ta cikin gammo. Zoben nan da ke jikin ƙyallen kakana gammo ne. Ashe abin da muke yi masa dariya da shi, shi ne janar ɗin rundunar kansa yake ɗaurawa a kafaɗa.

Rejimanti ta 102 ita ce ke riƙe da ƙananan igwogin rundunar. A nan ne mai bincike zai yi hattara, domin sunayen rukunoni suna sauyawa. Da farko kowace birged tana da nata rukunin igwa, sai a 1944 aka tattara su wuri ɗaya a ƙarƙashin rundunar. Haka ma Birged ta 1, wadda ke cikin Runduna ta 82, ita ce aka sani da Birged ta 23 ta Nijeriya a yaƙin Habasha, wadda ta shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu 1941, ta kuma kori Italiyawa har Harar. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗauka ƙungiyoyi biyu ne.

Yanzu bari in gaya muku irin igwar da suke aiki da ita. Faɗin bakinta inci 3.7 ne, nauyinta ya haura kilo 700, harsashinta ɗaya kusan kilo 9, tana kuma jefa shi nisan da ya ɗara kilomita 5. An ƙera ta ne domin yaƙin duwatsu, yadda za a kwance ta kashi takwas a ɗora wa alfadarai. A sojan Afirka ta Yamma kuwa, tun kafin wannan yaƙi, mutane ne ke ɗauka. A Bama, inda akwai hanya ƙaramar mota ta ja, inda hanya ta ƙare sai a kwance, a ɗauki na ɗauka a ka, masu nauyin a rataya a sanduna mutane su saɓa. Ku lissafa da kanku: kilo 700 a raba takwas, ga harsasai, ga abinci, ga tudu mai santsi, ga kurmin gora, ga abokan gaba a ɓoye. Da yawa daga cikin masu ɗaukar nan ba a ba su bindiga ba, ko da yake sojoji ne masu lamba da albashi. Abin da ya sa aka kai 'yan Afirka wannan yanki ke nan, domin suna iya kai igwa inda mota da dabba suka gaza.

Hanyar da suka bi

An kai Runduna ta 82 ƙasar Indiya a 1944, ta shiga fage a watan Disamba na shekarar, a yankin Arakan da ke gaɓar yammacin Bama, inda yau ake kira jihar Rakhine a ƙasar Myanmar. Suka gangara ta kwarin kogin Kalapanzin, suka karɓi Buthidaung, suka haura duwatsu zuwa kwarin Kaladan, inda suka haɗu da Runduna ta 81 suka ƙwace tsohon birnin Myohaung a watan Janairu 1945. Daga nan suka nausa kudu ta Kangaw, da Dalet, da Tamandu, da hanyar An, har Taungup. Sau da yawa abincinsu da harsasansu daga jirgin sama ake jefo musu. Rundunar ta yi asarar sama da mutum 2,000 tsakanin matattu da masu rauni, fiye da kowace runduna a wannan sashe na fagen. Japan ta miƙa wuya a Agusta 1945, amma sai 1946 akasarinsu suka ga gida.

Kun ji Tamandu. Ƙauye ne a bakin ruwa a Arakan, ba aljani ba. Kuma sunayen nan ba baƙi ba ne a kunnenmu. Wanda ya zauna Kaduna ya san barikin Dalet da na Kalapanzin. Wanda ya je Legas ya san barikin Dodan, da Myohaung, da Arakan, da An, da kuma barikin Tamandu a Apapa. A Ibadan akwai Letmauk, a Zariya akwai Chindit. Mun daɗe muna wucewa ta ƙofarsu ba mu san cewa taswirar wahalar kakanninmu ce ba.

Inda ake samun bayanai

Wuri na farko shi ne Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin tsohon Lardin Sakkwato suke, da wasiƙun da suka gudana tsakanin Razdan da Di'o da En'e. Nan ne mutum zai fahimci yadda aka bi ta hannun sarakuna da hakimai wajen ɗaukar soja. A Kaduna ɗin akwai Gidan Arewa, a Sakkwato kuma akwai Gidan Tarihi na Waziri Junaidu. Kada a manta da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, domin ita ce ta riƙa kai wa mutanenmu labarin yaƙin da Hausa.

Wuri na biyu shi ne gidan adana takardun Ingila da ke Kew a birnin Landan. Kowane rukunin soja yana da kundin da hafsa ke rubuta abin da ya faru kullum: inda aka kwana, inda aka girka igwa, harsasai nawa aka harba. Na fagen Bama suna ƙarƙashin lamba WO 172. Wani ɗan ajinmu da ke zaune a can ya sadaukar da ranakun hutunsa ya ɗauko mini hotunan shafuka, Allah ya saka masa. Na karanta su ɗaya bayan ɗaya, kuma in gaya muku gaskiya ban ga sunan kakana ba. Sunayen hafsoshi Turawa ne suka cika su. Baƙin soja ba safai ake ambatonsa ba sai in ya mutu ko ya yi wata bajinta. Amma duk inda kundi ya ce igwa ta isa kan tudu, na san ba da ƙafarta ta hau ba.

Wuri na uku shi ne Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashen Renon Ingila, wadda ta sa sunayen mamata a intanet, kowa na iya dubawa da wayarsa. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangoon akwai ginin tunawa mai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, kuma a cikinsu akwai masu amsa Sakkwato da Kano da Katsina. Akwai gidaje a ƙasar Dandi da Illo da har yau abin da suka sani shi ne wane ya tafi soja bai dawo ba. Wataƙila amsarsu tana nan. Ga masu karatun Turanci kuma, akwai littafin John Hamilton na 2001 kan Runduna ta 81, da na Barnaby Phillips na 2014 kan Isaac Fadoyebo, ɗan Nijeriyar da aka harba a bakin kogin Kaladan wani magidanci Musulmi na yankin ya ɓoye shi har ya tsira.

Wuri na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne bakin tsofaffi, kuma shi ne na yi sakaci da shi. Shekara goma sha bakwai ina cin tuwo kwano ɗaya da mutumin da ya ga Tamandu da idonsa, ban taɓa cewa, "Kaka, ba ni labari" ba. Abin da zai gaya mini kyauta a dare ɗaya, sai da na yi shekaru ina nema a Kaduna da Landan, ban kuma samu rabinsa ba.

Roƙona ga ƙungiya

Ban zo in ce yaƙin nan namu ne ba. Kamar yadda kakanninmu suka ɗauki igwa zuwa Bama, haka aka girka wa Sakkwato igwa a Maris 1903, kuma kakana har ya rasu yana cewa ladan bai kai wahalar ba. Amma wahalar tasu ce, jinin nasu ne, saboda haka tarihin namu ne. Wanda aka ɗauka soja a 1943 yana ɗan shekara ashirin, yau ya haura ɗari. Mazan jiya sun kusa ƙarewa, saura matansu da 'ya'yansu, da takardun da gara ke ci.

Don haka ina roƙon abu uku. Na ɗaya, kowannenmu in ya koma gida ya tambaya ko akwai tsohon soja a zuriyarsu, ya ɗauki hoton littafin sallama da lambobi, musamman lambar soja. Na biyu, a naɗi muryar tsofaffin da suka rage, da Hausa ko Zabarmanci ko Dandanci, har da dangin da ke tsallaken iyaka. Na uku, ƙungiya ta kafa ɗan kwamiti tare da malaman tarihi da ɗaliban makarantarmu na yanzu, a tattara komai a littafi ɗaya, a ajiye kwafi a laburaren makaranta, a kai wani Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu. Ni na ɗauki alkawarin taimaka wa duk wanda ya kawo mini lamba wajen gano rundunarsa.

Ƙyallen nan rawaya ga shi na zo da shi, duk mai so ya gani bayan an tashi. Allah ya jiƙan mazan jiya, ya gafarta wa malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya kuma kai kowa gidansa lafiya.