Amsoshin Wasiƙunku: Gyaran Mota Da Kanka, Ina Iyakarsa?

 Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani malamin makaranta a garin Kausani, ƙaramar hukumar Wudil ta jihar Kano. Ya ce ya gaji wata Peugeot 504 daga mahaifinsa, kuma ba abin da yake jin daɗi kamar ya buɗe bonet ran Asabar da Lahadi yana 'yan taɓe-taɓe. Yana so ya san gyaran da zai iya yi da hannunsa. Sannan ya ce abokai sun ba shi shawara biyu: ya cire tamostat don motar ta daina zafi, kuma ya ɗaura mata tukunyar gas ɗin girki saboda tsadar fetur.

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Ka yi dace da mota. Tun 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, kuma 504 mai kafireta ce, ba kwamfuta a cikinta, ga kayanta ana samu a Ƙofar Ruwa cikin Kano. Saboda haka akwai aiki da yawa da ba sai ka kai ta gareji ba.

Na farko shi ne juyen baƙin mai, kamar bayan kowace kilomita 5,000, tare da canza filtarsa. Tsohon man kuwa tara shi a galan, kada ka zubar kusa da rijiya ko gona. Na biyu, filtar iska. Ƙurar hunturu da ta hanyar ƙauye kan toshe ta, sai mota ta yi ta shan mai ba ƙarfi. Ka riƙa duba fulogi da fambel, kana goge kan batir. In za ka cire batir, fara da wayar da ke da alamar ragi, in za ka mayar kuma ita ce ta ƙarshe. Taya kuwa, auna iskarta da safe kafin ta ɗau zafi. Dubi gefenta za ka ga lambobi huɗu: in ka ga 2319, ana nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya ko zanenta bai cinye ba tana iya fashewa, balle a kan titin Kano zuwa Maiduguri ran Juma'ar kasuwar Wudil.

Amma fa a kiyaye abu uku. Kada ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita; sa mata ƙaƙƙarfan katako, ka kuma tokare tayoyi da dutse. Kada ka buɗe murfin lagireto injin na da zafi, don ruwan da ke ciki ya wuce tafasa, fuska zai yi maka tsalle. Kada kuma ka bar mota a kunne cikin rufaffen zaure, hayaƙin salansa na kisa ba tare da mutum ya ankara ba.

Yanzu sai batun tamostat. Malam, kada ka cire. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa har injin ya kai zafin da ya dace da shi, wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ya buɗe. In babu shi, da sanyin safiya injin zai daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan fetur, ya kuma riƙa cinyewa. In mota na zafi, nemi dalilin: ko lagireto ya toshe da dattin ruwan rijiya, ko fambel ya saki, ko famfon ruwa ya gaji. In tamostat ɗin ne ya mutu, sayi sabo ka sa.

Maganar gas kuwa, a nan ne muke roƙonka don Allah ka tsaya. Mun san tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayun 2023 kowa ke neman mafita, kuma gaskiya ne ana mayar da motoci su yi aiki da gas ɗin CNG. To amma shi wannan gas ana ɗura shi ne da matsin da ya kai ma'auni 200, alhali na girki bai kai 20 ba. Tukunyar girki ko wadda mai walda ya haɗa ba za ta jure ba. A watan Oktoban 2024, a birnin Benin na jihar Edo, wata mota mai ɗauke da tukunyar da aka haɗa ta bayan fage ta tarwatse ana cikin ɗura mata gas, mutane suka jikkata. Kada garin gyaran gira a rasa ido. In kana son gas, je cibiyar da hukuma ta amince da ita.

Haka nan birki da sitiyari. Duba man birki naka ne, amma kwance su aikin bakanike ne, domin kuskure a nan ba kai kaɗai zai shafa ba, har iyalinka da ke cikin motar da mutanen da ke kan hanya. In kana sha'awar koyo, zauna kusa da bakaniken naka kana kallo kana tambaya. Ka kuma samu ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar kowane gyara da kilomitar da mota ta ci.

Da fatan Malam ya gamsu. A gaida mutanen Kausani baki ɗaya.