In ka tashi magana gaban taro

Ga jawabin da wakilin jaridarmu ya yi wa ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, a garin Dawce.

  

Yau ba baƙi da wasali na kawo muku ba. Kun san su. Na duba kayenku, na ga rubutu mai kyau. Abin da ya rage shi ne baki. Da yawa cikinku an zaɓe ku ma'aji ko magatakarda, a bankin cimaka, a kwamitin famfo, ko a asusun mata. Ranar taro ku ne za ku tashi ku faɗa wa jama'a inda kuɗinsu da hatsinsu suka shiga. A ranar, rubutu mai kyau bai isa ba, sai an ji ku kuma an gane.

Bari in fara da kuskurena. Lokacin ina sabon malamin lakwal a wani ƙauye, ma'ajin kwamitin rijiya ya roƙe ni in karanta masa lissafi gaban taro. A takarda an rubuta 60.000 F. Na buɗe baki na ce: dubu sittin. Wuri ya yi tsit. Sai wani dattijo ya ce: "Mushe, dubu sittin? To ina sauran?" Shi da dala yake lissafi, kamar kowa. Dala ɗaya tamma 5 ce. Dala dubu sittin kuwa jikka 300 ke nan. Alhali abin da ke cikin akwati jikka 60 ne, ba ƙari ba ragi. Kafin in gyara, rabin taro ya tashi da zancen ma'aji ya ci kuɗi. Mutumin nan bai taɓa ko dala ba. Ya yi kwana da kwanaki bai zauna dandali ba, saboda bakina.

Don haka ku riƙe wannan da kyau. Takarda da tamma take magana, mutane da dala da jikka suke ji. Kafin taro, ku zauna a gida ku juya kowace lamba. In an rubuta 1.000 F, ku ce jikka ɗaya, ko dala 200. In an rubuta 500 F, ku ce dala 100. Ku rubuta shi a gefe, kada ku tsaya lissafi gaban mutane. Nan Dawce kuma kusa da iyaka kuke, naira tana yawo cikin aljihunku. To ku faɗi kowane kuɗi ne, sefa ko naira. Haka hatsi. Kada ku ce kilo. Ku ce buhu kaza da tiya kaza, in a dami aka karɓa ku ce dami. In da hali, a buɗe rumbu mutum biyu su ƙirga buhunan da idonsu. Gani ya kori ji.

Sai zancen tsawon magana. Mu Hausawa muna son gaisuwa, kuma gaisuwa wajibi ce. Ka gai da mai gari da dattawa, ka nemi izini. Amma fa ka shiga zance tun mutane ba su fara duban rana ba. Na sha ganin mai jawabi ya gode wa kowa tun daga Yamai har Damagaram har Matamaye, kafin ya iso ga famfon da ya lalace mata sun tafi ɗora tukunya. Tun a gida ka tambayi kanka: mene ne abu ɗaya da nake so a tashi da shi? In gyaran famfo ne, ka ce famfo ya lalace tun ran kaza, mai gyara ya ce jikka kaza, muna da kaza, saura kaza, kowane gida zai ba da kaza. Shi ke nan. Zancen taki da na dabbobi masu shiga gona a bar su sai wani zama.

Kada ka kifa kai cikin kaye kana karatu kamar ɗalibi gaban malam. Rubuta kalmomi kaɗan manya-manya, ka duba, ka ɗaga kai. A taronmu maza suna gaba a tabarma, mata suna can baya ko gefe, ga kukan yara. To ka nemi tsohuwar da ta fi kowa nisa, ka yi magana don ita. In ta ji, kowa ya ji. Sarakunanmu sun san wannan tun da, shi ya sa sarki yake da mai maimaita maganarsa da ƙarfi. Kai ba ka da shi, muryarka ce kawai.

Wata cuta kuma, mu ma'aikata muka kawo ta: cusa Faransanci cikin Hausa don a ce mun yi lakwal. Mutane su ce "to, to", su koma gida ba su ɗauki komi ba. Kada ku koye ta daga gare mu.

Iyayenmu mata, na san abin da za ku ce: kunya. Gaskiya ne, ba a saba ba. Amma ku ne kuke ja wa gida ruwa, ku ne kuka san ranar da famfo ya tsaya. In tashi tsaye ya yi nauyi, ki yi magana a zaune, ƙawarki tana gefenki. Ki fara a asusunku, tsakanin mata, inda kowa ya san ki. Rawar murya ta farkon magana ce, tana wucewa.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. A 1962 aka kafa kulob-kulob na rediyo, ana ɗaukar muryar manoma a ƙauyuka, ana sa ta a gidan rediyon Nijar. Kakanninku sun yi magana, ƙasa duka ta saurara, da yawansu ko sunansu ba su iya rubutawa. A 2004 kuma aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, Dawce ta samu nata magajin gari. Ofishi ya matso kusa da ku. Amma wanda ya je ya ce "muna cikin wahala" zai dawo da "Allah ya sawwaƙe". Wanda ya je da takarda, ya ce gida kaza, rijiya ɗaya, gaba kaza zurfinta, shi ake buɗe wa rajista.

In ka gama, kada ka yi saurin zama. Ka ce: akwai mai tambaya? Mai tambaya ba abokin gaba ba ne, kuɗinsa ne a hannunka. In ba ka san amsa ba, ka ce ban sani ba, zan duba kaye in faɗa ranar Juma'a bayan masallaci. Kuma ranar Juma'ar ka faɗa.

Na yi magana da malamanku. Sati mai zuwa, a kowace cibiya, kafin a tashi karatu mutum biyu za su tsaya gaban allo, kowa ya ba da lissafin kwamitinsa, ko na cefanen gidansa in ba ya cikin kwamiti. Sauran ku zauna can baya, ku yi tambaya. Kowa ya zo da kayensa, ya juya lambobinsa tun daga gida.

 Allah ya ba mu damina mai albarka.