HARSHE MA KAYAN AIKI NE: JAWABI GA DIREBOBI DA 'YAN DAKO

Wannan jawabi ya shafi direbobin manyan motoci, da yaran mota, da 'yan kamasho, da 'yan dako, watau masu jigilar tumatir da albasa da shanu daga Arewa zuwa Ikko da Badun da Anaca.

Ubangida yakan koya wa yaronsa tuƙi da ɗaurin kaya da canjin taya, amma ba safai yakan koya masa yadda ake magana da mutane ba. Alhali kuwa baki shi ke yanka wuya.

A tuna da abin da ya auku a kasuwar Shasha ta Badun cikin watan Fabrairu na 2021. Cacar baki ce kawai ta haɗa wani ɗan dako da mai shago a kan kayan da suka zube. Kafin a ankara an yi hasarar rayuka, an ƙone rumfuna. Sa'an nan fataken abinci da na shanu suka dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, tumatir ya yi tsada a Ikko, manomin Arewa kuwa ya rasa mai saye.

Saboda haka wajibi ne shugabannin tasha su riƙa horar da yaransu a kan abu uku. Na farko, gaisuwa da ba da haƙuri cikin harshen masu gari. Wanda ya iya ce wa Bayarabe "e ma binu", watau kada ka yi fushi, ya kashe rabin wutar. Na biyu, gaskiya ga mai kaya. In mota ta lalace a Jebba ko Lokoja, direba ya sanar da shi nan take, domin tumatir ba ya jiran kowa. Na uku, in rigima ta taso, kada yaro ya rama, sai ya kai ƙara wurin Sarkin Hausawa ko shugaban ƙungiya.

Wannan ba tsoro ba ne, sanin ciwon kai ne. Baƙo guda in ya yi ɓatanci, dubban 'yan'uwansa ne ke biyan bashin, har da waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mai kaya kuwa ba ya mance direban da ya riƙe amana.

Allah ya kiyaye hanya, ya zaunar da kowa lafiya. Wassalam.